Muhawarar baƙi da matsayin Musulunci a Jamus

Muhawarar baƙi a Jamus taƙaddama ce ta siyasa a kan wanda za a bari ya shigo ƙasar, da sharaɗin zamansa ɗan ƙasa, da gurbin da addininsa zai samu. Tun wajen 2000 ta fi karkata ga Musulmi, waɗanda hukumar kula da baƙi ta tarayya ta ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 5.3 zuwa 5.6 a 2019.

Asalin maganar

A 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya. Masana'antu na neman leburori, gwamnati kuwa ta zaci za su yi 'yan shekaru su koma gida. Da aka rufe ɗaukar a 1973, sai da yawansu suka ɗauko iyalansu suka zauna. Duk da haka 'yan siyasa, musamman na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta CDU, sun daɗe suna nanata cewa Jamus ba ƙasar baƙi ba ce, alhali 'ya'yan Turkawa sun cika azuzuwa a Berlin da Kolon. Sai a 2000 doka ta ba ɗan baƙon da aka haifa a ƙasar damar zama Bajamushe tun daga haihuwa, bisa sharuɗɗa. Yawancin rigimar yau daga wannan jinkiri ta samo tushe.

Addini da hukuma

Jamus ba ta raba addini da hukuma kwata-kwata kamar Faransa ba. Gwamnati ce ke karɓar wa manyan coci-coci harajin mabiyansu, kuma ana koyar da addini a makarantun gwamnati a yawancin jihohi. An ɗinka tsarin ne daidai jikin coci, mai shugabanci ɗaya da rajistar mabiya, Musulmi kuwa a rarrabe suke cikin ƙungiyoyi. Babbar cikinsu, DITIB, tana da masallatai kusan 900, kuma hukumar addini ta Turkiyya ce ta saba turo mata limamai tana biyansu, abin da ya sa ake yi mata kallon 'yar amshin shatar gwamnatin Turkiyya. Don samun abokin tattaunawa ne ministan cikin gida Wolfgang Schäuble ya kafa Taron Musulunci na Jamus a 2006.

Ɗankwali ma sai da ya kai kotu. Fereshta Ludin, malama 'yar asalin Afganistan, ta yi ƙara bayan jihar Baden-Württemberg ta hana ta aiki saboda lulluɓi. A 2003 kotun tsarin mulki ta ce ba a hanawa sai da doka, sai jihohi da dama suka yi maza suka yi dokar. A 2015 kotun ta ce hani na bai-ɗaya ya saɓa wa 'yancin addini.

Fagen siyasa

A Oktoban 2010 shugaban ƙasa Christian Wulff ya ce Musulunci ma ya zama na Jamus. Ministan cikin gida Horst Seehofer ya musanta hakan a 2018.

Shekarar 2015 ce ta sauya lissafi, lokacin da shugabar gwamnati Angela Merkel ta bar iyaka a buɗe, masu neman mafaka kimanin 890,000 suka shigo, da yawansu daga Siriya. Maraba ta farko ta dusashe bayan cin zarafin mata a Kolon daren shiga 2016. Jini ya zuba ta ɓangarori biyu: a Hanau wani mai ƙyamar baƙi ya kashe mutum tara a 2020, a Solingen wani ɗan Siriya ya kashe uku da wuƙa a 2024.

Jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ce ta ci ribar wannan fargaba. Ta shiga majalisar tarayya a 2017 da kashi 12.6 cikin ɗari, ta zo ta biyu a 2025 da 20.8. Sauran jam'iyyu sun sha alwashin ba za su haɗa kai da ita ba, amma a Janairun 2025 wani ƙudurin tsananta tsaron iyaka na shugaban CDU Friedrich Merz ya wuce a majalisa da ƙuri'unta, lamarin da ya jawo zanga-zanga a manyan birane. A watan Mayu Merz ya zama shugaban gwamnati.