Ba Wa Yara Masu Ciwo Mai Tsanani Maganin Gwaji

Maganin gwaji shi ne wanda hukumar kula da magunguna, irin NAFDAC a Najeriya ko FDA a Amurka, ba ta riga ta yi wa rajista ba. Ta hanya biyu yake isa ga yaro marar lafiya. Ko dai a sa shi cikin bincike, inda ake tara yara ana gwada sabon magani da tsohon, ko kuma likita ya roƙi kamfani ya ba yaro ɗaya don jinƙai, bayan duk wani magani da aka sani ya gaza. A hanya ta biyu yaron ake nema wa sauƙi. A ta farko kuwa maganin ake nema wa shaida, ko da yaron ya amfana. Yawancin ɓarnar da aka yi ta samo asali ne daga ɓoye wa iyaye wannan bambanci.

Abin da ya sa na yara ya fi wuya

Ba a rage awon babba kawai a ba yaro, domin hanta da ƙodar jariri ba su gama ƙwari ba. A shekarun 1950 an ba jarirai maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kuloramfenikol bisa lissafin manya, hantarsu ta kasa narkar da shi, jikinsu ya koma launin toka, da yawa suka mutu. Sai dai hana gwaji a kan yara ma cutarwa ce, don likita zai ci gaba da ba su magani bisa kintace.

Yaro ba ya ba da izini da kansa, iyaye ke bayarwa. Uwar da ta riƙe ɗanta yana jijjiga, wuyansa ya sandare, duk abin da aka miƙo mata za ta karɓa. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Shi ya sa ake neman a karanta mata bayanin da harshenta, a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, a faɗa mata ƙarara cewa gwaji ne, kuma ko ta ƙi za a yi wa ɗanta magani. Yaron da ya kai kimanin shekara bakwai, idan yana cikin hayyacinsa, shi ma ana jin ta bakinsa.

Sharuɗɗa

Tushen ƙa'idojin shi ne Dokar Nurembag ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964. Idan don jinƙai ne, dole a tabbatar babu magani mai rajista da zai yi aiki. A kowace hanya kuwa, kafin a bayar, dole a tabbatar akwai sakamakon gwajin dabbobi ko na manya, kuma kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya sa hannu kafin a fara, ba bayan an gama ba. Ana kuma rubuta tun farko alamar da za ta sa a tsayar da maganin. A Amurka FDA na da kwana 30 ta amsa roƙon likita, amma a halin gaggawa takan ba da izini ta waya.

Gwajin Trovan a Kano

A 1996 sanƙarau ya kashe mutane wajen 12,000 a arewacin Najeriya. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya turo ma'aikata asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato Asibitin Zana, suka ɗauki yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, sabon maganin kamfanin, rabi kuma seftiriyazon, maganin sanƙarau da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin Trovan, shida a ɗaya rukunin, wasu suka rayu da kurumta ko shanyewar jiki, abin da sanƙarau kansa yakan bari.

Adadin mamatan ba shi ne babban zargi ba. A cikin asibitin nan ɗin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana yi wa yara allurar kuloramfenikol kyauta, ke nan akwai wani magani da aka sani a wurin. An ba wasu Trovan ta baki, alhali mai sanƙarau yakan yi ta amai. Dangin magungunan da Trovan ya fito ciki an san suna lalata guringuntsin gaɓoɓin ƙananan dabbobi. Awon seftiriyazon kuma an rage shi daga miligiram 100 zuwa 33 ga kowane kilo na nauyin yaro bayan allurar farko. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne, waɗanda suka kai shi ƙara suka ce hakan na iya sa Trovan ya yi fice. Babu takardar izini da iyaye suka sa wa hannu. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ma daga baya aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya.

Jaridar Washington Post ta fasa ƙwan a Disambar 2000. Kwamitin gwamnatin tarayya ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya kira gwajin haramtacce, amma rahoton bai fito fili ba sai 2006. Pfizer ta tsaya a kan cewa ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye sun yarda da baki. A 2009 ta sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba, kuma sai a 2011, bayan gwajin ƙwayar halitta (DNA) na tabbatar da dangantaka, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Trovan dai bai taɓa samun rajistar yara ba, kuma a 1999 aka taƙaita shi ga manya ma saboda yana lalata hanta. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, da wannan gwaji mutane da yawa suka kafa hujja.

Idan maganin ya yi kaɗan

Wata matsalar ita ce wa za a ba wa. Yaron da iyayensa suka iya tayar da ƙura a Facebook yakan samu, na kusa da shi a gado ya rasa. A 2020 kamfanin Novartis ya ware allurar Zolgensma har 100 a shekara ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu masu ciwon shanyewar tsoka na gado, a ƙasashen da ba a yi mata rajista ba, ya riƙa rabawa ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiyoyin iyaye sun soki tsarin, domin ƙuri'a ba ta duba wane yaro ne ciwonsa ya fi gaggawa.