Furen forget-me-not: me yasa yake canza kala, kuma yaya ake shuka shi?

Tambayoyi ne da masu son furanni ke yawan yi akan wannan ɗan ƙaramin fure da Turawa ke kira forget-me-not, masana tsirrai kuma suna ce masa Myosotis. Asalinsa na ƙasashen sanyi ne, Turai da arewacin Asiya da makamantansu, so yawancin masu tambayar 'yan'uwanmu ne mazauna Ingila, Jamus ko Kanada da suka tarar dashi a bayan gidan haya, sai kuma masu ganin hotonsa a intanet yana basu sha'awa.

Tambaya: Na sayi irin shuɗi, amma da ya fara fure sai naga wasu ruwan hoda wasu shuɗi a reshe ɗaya. Cutata akayi ko ciwo ne ya kama shi?

Amsa: Ba wanda ya cuce ki 'yar'uwa, kuma lafiyarsa ƙalau, haka Allah ya halicce shi. Ki duƙa ki kalli reshen da kyau zaki ga bakinsa ya nannaɗe kamar wutsiyar kunama, furannin dake ƙasa sune suka riga buɗewa, na can cikin naɗin kuma basu buɗe ba tukuna. To waɗanda basu buɗe ba da waɗanda suka buɗe yanzu-yanzu sune masu ruwan hoda, in suka ɗan kwana biyu sai su rikiɗe su koma shuɗi mai haske. Kenan abinda kike gani a reshe ɗaya yara ne da manya, kowa da shekarunsa. Furen kansa ɗan mitsitsi ne, faɗinsa baya wuce santimita 1, ganyen fure biyar da ɗan zobe a tsakiya, shi yasa mutane da yawa sukan shekara da shi a lambu basu taɓa lura da wannan canjin ba sai ranar da suka ɗauki hoto kusa-kusa.

Tambaya: To me ke jawo canjin a cikin furen?

Amsa: Akwai wani sinadarin launi da ake kira antosayanin, shine ke bawa furanni da 'ya'yan itatuwa da yawa launin ja, shunayya da shuɗi. Halinsa shine yana bin tsamin ruwan da yake ciki, in ruwan nada tsami sai ya karkata wajen ja, in tsamin ya ragu sai ya karkata wajen shuɗi. Duk macen data taɓa haɗa zoɓo ta san wannan ko bata san sunansa ba, ki matsa lemon tsami zoɓon yayi jajawur, ki jefa ɗan kanwa don kashe tsami sai kiga yayi duhu ya bar jan nan nasa. Sinadari ɗaya ne, ruwan ne ya canza. A cikin furen ma ruwan dake cikin ƙwayoyin ganyensa yafi tsami lokacin da yake ƙunshe, yana buɗewa yana girma tsamin na raguwa, launin na tafiya daga ruwan hoda zuwa shuɗi.

An auna irin wannan a zahiri a wani furen daban, Ipomoea tricolor, ɗan'uwan dankalin Hausa ne a dangi. Masu bincike a Japan sun wallafa a 1995 cewa ma'aunin tsami na pH a ƙwayoyin ganyen furen yana tashi daga 6.6 lokacin yana ƙunshe da ja-ja zuwa 7.7 bayan ya buɗe yayi shuɗi, tashin lambar kuwa na nufin tsamin ya ragu. Ka duba ƙanƙantar tazarar nan amma ta isa ta juya kalar fure gaba ɗaya, ni dai abin nan har gobe yana bani mamaki. Kuma dangin forget-me-not ɗin, wato Boraginaceae, sun shahara da wannan hali, Pulmonaria da Mertensia duk haka suke farawa da ruwan hoda su ƙare da shuɗi.

Tambaya: Naji ance in ka zuba ruwan tsami ko toka a gindinsa zaka iya zaɓar kalar da kake so. Gaskiya ne?

Amsa: A'a, an haɗa shi ne da wani fure mai suna Hydrangea. Shi wannan da gaske ƙasa ke juya shi, in ƙasar nada tsami saiwarsa na iya jan sinadarin alminiyom sai furen yayi shuɗi, in babu tsami yayi ruwan hoda. Forget-me-not kuwa tsiron ne da kansa ke daidaita tsamin cikin furensa, abinda ka zuba a ƙasa bazai shiga can ya canza maka shi ba. Dan Allah kar a riƙa zuba masa binega ko toka ko kanwa, ba abinda za'a samu sai ƙona saiwa.

Tambaya: Ɗan zoben tsakiyar nan fa, wani rawaya wani fari?

Amsa: Yauwa, wannan shine wajen da nafi so a tsaya akai domin yafi canjin shuɗin ma ban sha'awa. Sabon fure zobensa rawaya ne, shine ke nunawa ƙudan zuma da sauran ƙananan ƙwari ƙofar da ruwan zaƙi yake. In furen ya tsufa, an riga an kai masa garin barbara ruwan zaƙin ya ƙare, sai zoben ya koɗe ya koma fari. Ƙwaron da ya saba sai ya wuce mai farin ido ya sauka kan mai rawaya, shi bai ɓata ƙarfinsa a banza ba, tsiron kuma an kai masa baƙo inda yake buƙata.

Sai mutum yace to me yasa tsohon furen bazai faɗi kawai ba tunda ya gama aiki? Amfaninsa shine daga nesa tarin furanni yafi jan ido akan ɗaya ko biyu, tsofaffin suna taya kiran ƙwari daga nesa, in sun iso kusa kuma kalar ta raba musu wanda keda abinci da wanda babu. Ba yau aka fara lura da wannan ba, a 1877 wani Bajamushe mazaunin Barazil mai suna Fritz Müller ya rubutawa masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin cewa furen Lantana yana fitowa rawaya ranar farko, ruwan goro rana ta biyu, rana ta uku yayi duhu, kuma malam-buɗe-littafi yafi zuwa kan sabbin. Daga baya a 1991 wata masaniya Ba'amurkiya, Martha Weiss, ta nuna cewa ana samun irin wannan canjin launi a dangin tsirrai aƙalla 74. Lantana ɗin nan kuwa tana nan birjik a shingen gidaje da makarantu a Najeriya, kowa na iya zuwa ya duba da idonsa. Manoman auduga na wajen Funtuwa da Gusau ma sun san nasu, furen auduga yana buɗewa da safe fari-fari mai ɗan rawaya, washegari ka tarar yayi ja-ja kafin ya faɗi.

Tambaya: Akwai wanda yake fara fure da rawaya gaba ɗaya?

Amsa: Akwai, Myosotis discolor. Ɗan siriri ne na daji a Turai, furensa ma yafi na lambu ƙanƙanta sosai, yana buɗewa rawaya ko ruwan madara sannan ya bi ta ruwan hoda ya ƙare a shuɗi, a reshe ɗaya sai ka ƙirga kala uku. Ba kasafai ake sayar da shi ba, yawanci da kansa yake fitowa a busasshiyar ƙasa mai yashi.

Tambaya: Ni nawa bara duk shuɗi ne, bana sai ga wasu gindi guda farare tas wasu ruwan hoda har suka bushe basu koma shuɗi ba.

Amsa: Wannan kuma maganar gado ce, daban take da ta tsufan fure. Wanda aka fi shukawa a lambu shine Myosotis sylvatica kuma masu fitar da iri sun ware kaloli daga cikinsa, akwai Bluesylva shuɗi, Rosylva ruwan hoda, Snowsylva fari, akwai Victoria Rose, akwai Blue Ball mai dunƙulewa. Waɗannan masu ruwan hodan da fararen haka zasu zauna har su bushe. To shi tsiron nan yana zubar da iri da kansa, ƙwari kuma basu san iyakar lambunka da na maƙwabci ba, sai 'ya'yan su fito kowa da kamarsa. Yawanci ma juyin akasin naka yake, mutum ya sayi fari ko ruwan hoda bayan wasu shekaru ya tarar shuɗi mai haske ya mamaye wajen. In kana son kala ɗaya tak, duk gindin da ya fito da wadda baka so ka tuge shi tun yana fure kafin yayi iri, ko kuma ka riƙa sayen sabon iri. Ni a nawa ganin a barsu a gauraye yafi kyau, amma wannan ra'ayi ne.

Tambaya: Yaushe ake shukawa kuma yaya?

Amsa: Abu na farko da ya kamata a gane, na lambun nan tsiron shekara biyu ne. Shekarar farko ganye kawai yakeyi, ɗan kumburin ganye mai gashi-gashi a manne da ƙasa, ya sha sanyin hunturu a haka, sai shekara ta biyu yayi fure ya zuba iri ya mutu. Mutane da yawa anan suke karaya, su shuka su jira wata uku ba fure su ɗauka irin banza ne su nome shi, alhali saura ƙiris.

A ƙasa irin Ingila ana shuka irin daga Mayu zuwa Yuli, ko a kwali na reno ko kai tsaye a ƙasa, a yayyafa a ɗan rufe da ƙasa sama-sama a riƙa bashi ruwa kar ya bushe, cikin sati biyu zuwa uku zai tsiro. Wajen Satumba ko Oktoba sai a dasa shi inda ake so ya zauna, a bar tazarar kamar santimita 15 zuwa 20 tsakani. Fure kuma daga Afrilu zuwa Yuni, tsayinsa santimita 15 zuwa 30. Shi yasa Turawa ke son dasa shi tare da wani fure mai suna tulip, lokacinsu ɗaya ne, shi yana shimfiɗe a ƙasa su suna tsaye a samansa. Yana son ƙasa mai laima wadda ruwa baya kwanciya, da inuwa-inuwa irin ta ƙarƙashin bishiya, rana ma yana ɗauka in dai ƙasar bata bushewa. Taki ba sai da yawa ba, ɗan ruɓaɓɓen ganye ko takin gargajiya ya wadatar, in ka cika masa na zamani sai yayi ta ganye. A tukunya ma yana yi, sai dai tukunya na saurin bushewa a kula da ruwa.

Wanda keda kududdufi ko ɗan tafki a lambu kuwa sai ya nemi Myosotis scorpioides, shi a bakin ruwa yake rayuwa cikin taɓo, yana daɗewa shekara da shekaru kuma furensa na kaiwa har cikin watannin zafi.

Tambaya: Bayan ya gama fure ganyen yayi fari-fari kamar an barbaɗa gari, duk ya muzanta. Wane magani zan fesa?

Amsa: Wata fumfuna ce dake kama shi a ƙarshen rayuwarsa musamman in ƙasa ta bushe ko sun cunkushe iska bata ratsawa. Gaskiya ba sai ka kashe kuɗin magani ba tunda tsiron dama ya zo ƙarshe. Ka jira 'ya'yan su nuna, zaka gansu ƙanana baƙaƙe masu sheƙi, guda huɗu a kowane fure, sai ka tuge gindin ka karkaɗe shi a inda kake so ya fito baɗi sannan ka zubar da karan. Ka sa safar hannu da tsofaffin kaya domin kwanson nada 'yan ƙugiyoyi dake maƙalewa a wando da safa da gashin kyanwa, ta haka ma yake yaɗuwa.

Tambaya: Baya zama ciyawa ya addabi mutum?

Amsa: Yana iyawa in ka sake masa, sai dai saiwarsa bata da zurfi, da yatsu biyu kake cire shi. Inda abin ya zama matsala shine wajen da ba ƙasarsa ba, a Amurka jihohi irin su Massachusetts da Connecticut sun saka na bakin ruwan cikin jerin tsirran da aka hana saboda yana mamaye bakin rafuka ya danne na asali. Mazauna can su duba dokar jiharsu kafin su shuka, kuma kar a zubar da karansa kusa da rafi.

Tambaya: Ana cin furen? Naga ana ɗorawa akan kek.

Amsa: Ana ɗorawa don ado, amma wasu daga cikin danginsa suna ɗauke da sinadaran dake iya cutar da hanta in an yawaita. Kar a mayar dashi shayi ko abin sha kullum, yara da masu juna biyu kuma su bar shi.

Tambaya: Mu dake gida fa, zai yi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram?

Amsa: Zan faɗa maka gaskiya ɗan'uwa, da wuya ƙwarai. Tsiro ne na sanyi da laima, yawancin irinsa sai sun sha sanyi na makonni kafin su yarda suyi fure, mu kuma lokacin da ya kamata yayi furen, Maris da Afrilu, shine zafi ke haura digiri 40 ga busasshiyar iska. Ko a Afirka inda ake samun 'yan'uwansa na daji a kan tsaunuka ne masu sanyi irin na Habasha da Kenya. Wanda ke Jos ko Mambila, inda tudu yasa garin keda sanyi, shi yana iya jarrabawa a inuwa, kuma ya nemi irin da aka rubuta a jikin fakitin cewa yana fure a shekarar farko.

In shuɗin fure kake nema a ƙasar zafi akwai waɗanda zasu baka ba tare da wahala ba. Plumbago, ɗan Afirka ta Kudu, yana jure rana kuma furensa ruwan bula ne, masu sayar da fulawa a bakin titi suna dashi. Akwai kuma Clitoria ternatea, wani mai yaɗo dangin wake mai shuɗi sosai, yana hawa shinge yana son zafi. Shi wannan ma in kana so yara su ga aikin antosayanin da idonsu, ka jiƙa furensa a ruwan zafi ruwan zai yi shuɗi, ka ɗiga lemon tsami a ciki a take zai koma shunayya.