Mene ne sifirint, kuma wa ke biyan kuɗin tafiya?

A wajen masu rubuta buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke iya duba kod ɗinsu ya kawo gyara, sifirint zama ne na kwana biyu zuwa mako guda. Masu aiki kan manhaja ɗaya, waɗanda galibi ta intanet kawai suka san juna, sukan taru a ɗaki guda su duƙufa kan aiki. Ba gasa ba ce, babu alƙalai, babu kyauta. Kuma daban yake da sifirint na kamfanoni masu bin Scrum, wani tsarin gudanar da aiki, inda sifirint wa'adin aiki ne kawai.

Al'adar ta kafu sosai a cikin jama'ar Python, wani harshen rubuta manhaja. Aikin PyPy, wata manhajar gudanar da kod ɗin Python, da irin wannan zama ya soma a garin Hildesheim na Jamus a 2003. Taron PyCon na Amurka kuwa, wato babban taron masu amfani da Python, yakan ware kwanakin da ke bayan jawabai domin sifirint, kuma ƙofa a buɗe take ga sabon shiga. Akwai wani na shekara-shekara tun 2016, amma na jiga-jigan da ke riƙe da harshen ne, sai da gayyata.

Ribar zaman ita ce mutumin da ke da ikon karɓar gyaranka yana zaune kusa da kai. Tambayar da za ta yi makonni a GitHub, shafin da ake ajiye kod ana tattauna gyare-gyare, tana jiran amsa, a nan cikin minti goma an warware ta. Shi ya sa babbar asara ce mutum ya ɓata ranar farko wajen shirya kwamfuta. Mai son taɓa CPython, wato ainihin manhajar da ke gudanar da Python, ya sauko da kod ɗin tun daga gida, ya harhaɗa shi, ya gudanar da gwaje-gwajensa ya ga sun wuce. Wannan na buƙatar manhajar harhaɗa C, harshen da aka rubuta CPython da shi, kuma a nan ake yawan maƙalewa. Intanet ɗin zauren ma yakan yi nauyi idan kowa na sauke kaya lokaci guda. Mutum ya kuma sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa, domin ba a karɓar gyara sai da ita. Sannan ya zaɓi ƙaramin aiki. Gyaran bayani ko ƙara gwaji ɗaya da aka karɓa ya fi babban aikin da aka bari a rabi.

Shiga zaman galibi kyauta ne, jirgi da masauki da biza su ne nauyin. Gidauniyar Python Software Foundation, wadda ke shirya PyCon na Amurka, tana ba da tallafin tafiya, amma ana rufe nema watanni kafin taron. Takardar nema mai ƙarfi takan faɗi manhajar da za a yi wa aiki, gyaran da mutum ya taɓa miƙawa, da kasafi dalla-dalla: tikiti nawa, kwana nawa, nawa zai iya ɗauka da kansa. Cewa "ina son in koya" kaɗai ba ya isa.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne sau da yawa tallafin mayarwa ne: kai za ka fara biya, a maido maka bayan ka nuna rasit. Don haka a tambaya tun farko yadda za a biya da lokacin biyan, a kuma adana kowane rasit. Biza ma haka, kuɗin neman ta ba ya dawowa ko an hana, kuma jiran ganawa a ofishin jakadancin Amurka na iya wuce ranar taron. A nemi wasiƙar gayyata da wuri, kada a sayi tikitin da ba a iya sokewa kafin biza ta fito.

Ga ɗan Najeriya, farawa daga kusa ya fi sauƙi. An yi PyCon Africa a Accra a 2019 da 2024, kuma shiga Ghana ba ya buƙatar biza, sai dai a tafi da katin rigakafin cutar shawara.