Waiwaye: Yadda sinadarin bilic ya shiga aikin jijiyar haƙori

Da yawa daga cikin mutanenmu na Idi-Araba da Agege a Legas, in haƙori ya matsa musu, magana ɗaya ce: "Likita, a cire shi kawai in huta." In kuwa likita ya ce a ceto haƙorin ta hanyar kwashe ruɓaɓɓiyar jijiya, to a tsakiyar aiki mutum zai ji wari irin na Hypo ko Jik. Hancinsa bai yi ƙarya ba. Sinadarin ɗaya ne, wato haifokulorait, da shi ake wanke ramin da aka kwashe jijiyar, sai dai na likita an auna ƙarfinsa, daga kashi 0.5 zuwa wajen kashi 5 cikin ɗari.

A da can guba ake sa wa. Tun 1836 likitoci a Amurka suke cusa asenik cikin haƙori don kashe jijiya, wani lokaci ya zarce ya cinye dasashi har da ƙashi. A 1904 aka kawo wani sinadari mai suna fomokiresol, shi ma mai kaifin tsiya.

Sauyin daga fagen fama ya zo. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Henry Dakin, ya haɗa ruwan haifokulorait mai sauƙi don wanke raunukan sojoji a Faransa. Ba a jima ba likitocin haƙori suka ɗauka. Abin da ya sa har yau ba a sami magajinsa ba shi ne aiki biyu yake yi: yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma narkar da ragowar naman da ya maƙale a lungunan da siririn ƙarfen likita ba ya kaiwa. A ganina wankin nan ya fi kankare ramin da ƙarfe muhimmanci, ko da yake majinyaci ƙarar inji kawai yake tunawa.

Dusar da kankarewar ke bari a bangon ramin kuwa, sai da wani likita ɗan Norway, Nygaard-Østby, ya kawo wani sinadari mai suna EDTA a 1957 aka samu mai wanke ta. Akwai kuma kuloheksidin, wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya narkar da nama, kuma in ya haɗu da haifokulorait sai wani tsaki mai ruwan ƙasa ya fito ya toshe rami.

Haifokulorait ba abin wasa ba ne. In ya tsallake ƙarshen saiwar haƙori, nan take kunci zai kumbura da azababben zafi. Shi ya sa likita ke killace haƙorin da shimfiɗar roba, dabarar da aka ƙirƙiro tun 1864, yana kuma tura ruwan a hankali da allura mai huda a gefe.