Waiwaye: yadda aka koma auna bayanin kayan aiki da abin da wakilin AI ya aikata

A watan Nuwamban 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin jagora na farko na Unix, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Kowane umarni yana da shafinsa: sunansa, yadda ake kiransa, aikin da yake yi, har da sashen da ke faɗin kurakuran da aka san yana da su. Tsarin ya yi tasiri ƙwarai, amma an gina shi ne bisa zaton cewa mai karatu mutum ne. In bayani ya yi giɓi, mutum zai gwada, ya tambayi abokin aiki, ya cike gurbin da hankalinsa. Shi ya sa aka daɗe ma'aunin bayani mai kyau bai wuce a tambaya ko an gane ba.

Daga baya aka fara rubuta bayanin da na'ura za ta iya karantawa. Tsare-tsare ne na bayyana yadda wata manhaja za ta yi magana da wata: WSDL ya fito a 2000, Swagger a 2011, wanda aka sake wa suna OpenAPI. Sai dai siffa kawai ake dubawa a nan: wannan gurbi lamba yake karɓa ko rubutu, dole ne a cike shi ko ganin dama ne. Jimlar da ke faɗin amfanin kayan aikin, wato manhajar da ake kira ta yi wani aiki, kuwa, da yawa ko rubuta ta ba sa yi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu sarrafa harshe ne suka juya lamarin. A Oktoban 2022 masu bincike daga Princeton da Google suka fitar da wata dabara mai suna ReAct, inda manhaja ke yin tunani, ta ɗauki mataki, ta duba sakamako, ta sake. Meta ta biyo baya a Fabrairun 2023 da Toolformer, manhajar da ke koya wa kanta amfani da kayan aiki. A watan Maris na wannan shekarar OpenAI ta ba ChatGPT damar haɗuwa da manhajojin waje, kuma takardar rajistar tana da gurabe biyu, bayani don mutum da bayani don na'ura. A ganina nan ne abin ya fito fili, cewa masu karatu biyu ne kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

Jimlar nan da aka yi wa riƙon sakainar kashi ita ce ta zama linzami. Wakilin AI, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke ɗaukar matakai da kanta don cika aiki, ba ya ganin cikin kayan aikin. Suna yake gani, da bayani, da guraben da zai cike. A ce kayan aiki na neman alƙawura yana da gurbi mai suna "kwanan wata", ba a faɗi tsarin rubutawa ba. Wakili ya sa 03/04 yana nufin uku ga Afrilu, na'ura ta fahimci huɗu ga Maris, ta dawo da amsa babu kuskure ko ɗaya a fuskarta. Mutum zai iya tsarguwa ya duba kalanda. Wakili sau da yawa wucewa yake yi, ya ɗora mataki biyar a kan wannan amsa.

Ma'aunan farko sun fi mai da hankali kan manhajar, ba bayanin ba. Gwajin ToolBench ya tattaro hanyoyin API, wato ƙofofin da manhajoji ke magana da juna ta cikinsu, sama da 16,000 a 2023, Jami'ar Berkeley kuma ta buɗe jadawalin gasar kiran kayan aiki a 2024. Duk da haka wani bincike na Jami'ar Washington da Google a Agustan 2023 ya nuna cewa bayani kaɗai, ba tare da misalai ba, yana iya kamo ko ya wuce koyarwa da misalai. Daga nan tambayar ta sauya: a bar manhajar yadda take, a canza rubutun, a ga abin da zai faru.

Wannan shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi. A Disambar 2024 kamfanin AI na Anthropic ya bayyana cewa lokacin da yake gina wakili don SWE-bench, wani gwaji na gyara kurakuran manhaja, ya fi ɓata lokaci kan gyaran kayan aiki fiye da babban umarnin da ake ba wakilin. Wakilin yana kuskure da gajeren adireshin fayil duk sanda ya fita daga babbar ma'ajiyar fayilolin. Da aka wajabta cikakken adireshi, matsalar ta kau. Ba wanda zai gano wannan ta karanta bayanin a zaune. Sai an ba wakili aiki na gaske, an bi sawunsa mataki mataki: wane kayan aiki ya zaɓa, sau nawa ya kira shi, me ya yi da saƙon kuskure ya dawo. Kuma gwaji ɗaya bai isa ba. Gwajin tau-bench na kamfanin Sierra, shi ma a 2024, yana maimaita aiki ɗaya sau da yawa, domin wakilin da ya dace yau yana iya faɗuwa gobe a kan rubutu ɗaya.

Fitowar MCP, ƙa'idar bai ɗaya ta haɗa kayan aiki da wakilan AI, a Nuwamban 2024 ta ƙara nauyin abin. Yanzu kowa na iya rubuta kayan aiki ya haɗa, wakili ɗaya ya tashi da gommai a gabansa. Kowane bayani yana cin wuri a ɗan abin da manhajar ke iya riƙewa a lokaci guda, don haka tsawo ma ya shiga lissafi, haka nan kayan aiki biyu masu kama da juna da ke rikita zaɓi.

A Afrilun 2025 kamfanin tsaron AI na Invariant Labs ya nuna wata fuska mai tayar da hankali. An ɓoye umarni a cikin bayanin wani kayan aikin lissafi, wanda mai amfani ba ya gani amma wakili yana karantawa, aka sa shi ya karanto fayilolin sirri ya miƙa. Tun daga nan mai duba bayani yana da ƙarin aiki: bayan ya tabbatar wakili ya gane, sai ya bi layi layi ya ga ko an sa shi yin abin da mai shi bai nema ba, sannan ya sake dubawa duk sanda aka sabunta rubutun.