Da gaske ba a iya tsige alƙalin tarayya a Amurka?

An daɗe ana cewa alƙalin tarayya a Amurka sai mutuwa ke raba shi da kujerarsa. Akwai ƙanshin gaskiya, domin ba shi da wa'adi. Amma tsarin mulkinsu ya gindaya sharaɗin kyakkyawan hali.

Robert Archbald ya zama alƙalin tarayya a Pennsylvania a 1901. Daga baya ya riƙa ƙulla cinikin kwal da kamfanonin jirgin ƙasa masu shari'a a kotunsa, wanda cin amana ne ƙarara. Majalisar wakilai ta tuhume shi a 1912, majalisar dattawa ta tsige shi a Janairun 1913, ta kuma haramta masa sake riƙe muƙamin tarayya.

Mai son tabbatar da wannan sharaɗi na kyakkyawan hali ya karanta babi na 3 na kundin tsarin mulkin, yana nan a intanet. Don Allah a tura wa wasu su ma su gani.