Waiwaye: Yadda ma'aikaci a Filifin ya zama ubangidan kansa wajen zubin fansho da inshora

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da kuɗin da ake zubawa a asusun fanshon ma'aikata na ƙasar Filifin ya kai kashi 15 cikin ɗari na albashi, muhawara ta sake zafi kan wanda ya kamata ya ɗauki wannan nauyi. Waɗanda suka fi kokawa su ne masu cin gashin kansu: masu kai saƙo a kan babur, da masu yi wa kamfanonin Amurka ko Ostareliya aikin sakatare ta intanet daga ɗakunansu, da dubban da ke aiki a ofisoshi bisa takardar kwangila. Masu sharhi da yawa suna ɗora abin a kan zuwan manhajojin waya da annobar korona, sai ka ce a lokacin ne matsalar ta tsiro. Amma wanda ya bi dokokin ƙasar daki-daki zai ga an dasa ta shekaru arba'in kafin nan.

Asusu uku ne doka ta wajabta. Akwai SSS, wato asusun fansho da tallafin rashin lafiya, haihuwa, naƙasa da mutuwa na ma'aikatan da ba na gwamnati ba, wanda aka yi dokarsa a 1954 zamanin Shugaba Ramon Magsaysay, ya fara aiki a watan Satumban 1957. Akwai PhilHealth, inshorar lafiya ta ƙasa, da aka kafa a 1995 a madadin tsarin da aka soma da dokar 1969. Na uku shi ne Pag-IBIG, asusun tanadi da rancen gida, wanda aka ƙirƙiro a 1978. Ma'aikatan gwamnati kuwa suna da nasu asusun, GSIS, tun 1936. Dukkansu an gina su ne bisa hoto guda: mutum mai ubangida ɗaya da albashi a ƙarshen wata, a cire nasa kason tun kafin kuɗin su shiga hannunsa, ubangida ya ɗora nasa, ya kai wa hukuma.

Tambayar wane ne ma'aikaci ta taso da wuri. Kotun Ƙolin ƙasar ta daɗe tana auna ta da abubuwa huɗu: wanda ya ɗauki mutum aiki, wanda ke biyansa, wanda ke da ikon korarsa, sannan mafi nauyi, wanda ke da ikon faɗa masa yadda zai yi aikin ba sakamakon kaɗai ba. A 1967 kotun ta yanke cewa wasu wakilai masu sayar da takardun zuba jari bisa la'ada ba ma'aikata ba ne, don haka babu zubin da ya hau kan wanda suke yi wa aiki. A wancan zamani ma'anar hukuncin ita ce irin waɗannan mutane suna waje da tsarin baki ɗaya, ba sa biya, ba a biya musu.

Abin da ya sauya lissafin, wanda kuma ba kasafai ake ambatonsa a muhawarar yau ba, shi ne gyaran doka na 1979 da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1980. Wannan gyara ne ya wajabta wa masu zaman kansu shiga SSS. Jerin waɗanda aka lissafa yana nuna irin mutanen da ake hange: ƙwararru irin su lauyoyi da likitoci masu ofishin kansu, masu kantuna da abokan haɗin jari, 'yan wasan kwaikwayo da daraktoci da marubutan fim, wakilan jaridu, ƙwararrun 'yan wasa da masu horar da su, har da mahaya dawakin sukuwa. Niyyar mai kyau ce, domin an ga mutane suna tsufa ba tare da fansho ba don kawai ba su da ubangida. Sai dai tsarin ba shi da gurbin mai biya guda ɗaya, saboda haka doka ta warware matsalar da jimla ɗaya wadda har yanzu tana nan: mai zaman kansa ma'aikaci ne kuma ubangida ne a lokaci guda. Wato shi zai biya kaso biyun.

Ga lauya mai ofis a Makati, cibiyar kasuwanci a yankin Manila, wannan ba wani abu ba ne, domin zai sa kuɗin cikin abin da yake caza. Amma jimlar ba ta tsaya kan lauyoyi ba. Dokar 1997 ta lissafa manoma da masunta a wannan rukuni, an kuma jawo masu ƙananan sana'o'i na kasuwa da titi. Kuma tunda aka samu rukunin da doka ta amince da shi, mai lamba da katin zama mamba, sai kiran mutum ɗan kwangila ya daina zama korarsa daga tsarin. A kan takarda yana da kariya, kuɗin kariyar ne kawai suka koma aljihunsa. A ganina nan ne gizo ke saƙar, domin daga 1980 duk wanda ya ɗauki mutum da sunan kwangila ya sauke wa kansa kaso mafi girma ba tare da wani gurbi ya bayyana a rajista ba.

Lissafin kansa ya isa shaida. A ɗauki mata biyu a birnin Cebu, kowacce tana samun peso (kuɗin ƙasar) 20,000 a wata tana amsa wayar abokan ciniki. Ta farko ma'aikaciya ce: a SSS za a cire mata kashi 5, peso 1,000, kamfani ya sa kashi 10, peso 2,000, a PhilHealth, inda kuɗin ya kai kashi 5 tun 2024, ana raba peso 1,000 gida biyu. Abin da ke fita daga hannunta a asusu biyun peso 1,500 ne. Ta biyu, wadda kwangilarta ta kira ta mai zaman kanta, za ta fitar da peso 4,000 idan ta bayyana haƙiƙanin abin da take samu, kuma ba ta da albashin wata na goma sha uku da dokar 1975 ta tanadar wa ma'aikata. Ba abin mamaki ba ne idan ta rubuta wa SSS mafi ƙarancin matakin samu, peso 5,000, ko ta tsallake watannin da kasuwa ta faɗi.

Tsallake wata kuwa yana da farashi. Idan ubangida ya ƙi kai kuɗin ma'aikaci, doka ta ce haƙƙin ma'aikacin bai faɗi ba, ubangidan ne zai biya da tarar kashi 2 a kowane wata, har ma yana iya shan ɗauri. Mai zaman kansa idan wa'adi ya wuce ba a karɓar na baya, watan ya tafi ke nan, alhali fansho na wata-wata sai an cika zubi 120. Tallafin rasa aiki da aka shigo da shi a 2019 ma na waɗanda aka sallama ne, shi kuwa ba wanda ya sallame shi, an dai daina kiransa.

Hukumar SSS ta gane cewa mai samun kuɗi kullum ba ya iya biyan wata-wata. A 2011 ta ɓullo da shirin AlkanSSSya, sunan da aka ciro daga kalmar asusun tara kuɗi a harshensu. Akwatin ƙarfe ne babba mai ƙananan gidaje, ana ajiye shi a tashar masu keke mai ƙafa uku ko a kasuwa, kowane mamba da ramin da zai jefa 'yan sulallansa bayan ya tashi aiki, a ƙarshen wata a buɗe a ƙirga a kai. Dabara ce mai amfani, amma sauƙaƙa hanyar biya ta yi, yawan kuɗin da mai biyansu suna nan yadda suke.

Dokokin 2019 sun bi wannan sawu. Sabuwar dokar SSS ta tsara ƙarin kuɗi daga kashi 12 zuwa 15 cikin shekaru shida, ta kuma wajabta shiga ga 'yan ƙasar masu aiki a ƙetare, inda ta ɗauki waɗanda ke aiki a tudu ba a jiragen ruwa ba, irin masu aikatau a Saudiyya da Hong Kong, tamkar masu zaman kansu. Dokar lafiya ga kowa ta wannan shekara ta yi haka da kuɗin inshora, abin da ya jawo kuka mai ƙarfi daga ma'aikatan ƙetare a 2020. Kowane ƙarin maki ɗaya ana raba shi tsakanin mutum biyu a wajen ma'aikaci, a wajen ɗan kwangila kuwa kansa ɗaya yake sauka.

A 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wasu masu kai kaya da aka sa wa hannu a matsayin 'yan kwangila ma'aikata ne cikakku, ta kuma duba ko rayuwarsu ta dogara da wannan aikin, ba abin da takarda ta kira su kaɗai ba. Hukuncin ya ƙarfafa gwiwar ƙungiyoyin ƙwadago, sai dai shari'a ce ta mutum-mutum, kowa sai ya kai tasa ƙarar ya jira shekaru. Wanda ubangidansa ke wata ƙasa, ba shi da rajista a Filifin, ba shi ma da wanda zai kai ƙara, kuma a idon doka, ma'aikaci da ubangida duk shi ne.